Rijiyar da Matattu Suka Zaɓa

Shafi na 19

Masu turo mini saƙon “Anti kin yi shiru”, duk na gani, Allah Ya bar zumunci. Kaka ce ta riƙe ni, ni ma ina da masara a shanya. Ita kuma wadda ta ce in na gaji in ba ta alƙalamin, ga shi nan a ajiye, ta zo ta ɗauka. Sauran ku matso kusa, shafin yau ba na dariya ba ne.

*

Shafa'atu ba ta yi sallama ba. Matar da ko akuya ta tarar a bakin ƙofa sai ta ce mata gafara, yau ita ce ta faɗa shagon POS ɗin kawunta Maitama, mayafi na jan ƙasa, waya a hannu.

“Kawu, su wa da wa ne ba su zo an ɗauki fuskarsu ba?”

Maitama yana zaune yana ɓare gyaɗa a faranti. Bai ɗago ba.

“Ke ɗiyar nan, ba gaisuwa?”

“Ina wuni. Su wa da wa?”

“Lafiya lau. Waɗanda za su iya zuwa ai duk sun zo.”

“Waɗanda ba za su iya ba fa? In ƙafa ce ba su da ita, in kai masu wayar har ɗaki.”

Sai a lokacin ya ajiye farantin. Ya dubi titi, ya dubi rufin shagon, ya dubi ko'ina ban da fuskarta.

“Ɗakin da suke, waya ba ta shiga,” ya ce a hankali.



Ga waɗanda suka tsinci labarin nan a tsakiya, bari in taƙaita muku. Unguwar Maiwada ƙauye ne a gefen Gozaki, kuma rabonsa da ruwan kansa damina uku ke nan, tun ranar da rijiyar garin ta rufta da Awaisu, mijin Shafa'atu. Tun daga nan mata ke cin doguwar tafiya zuwa fadama da jarkoki, su dawo da ruwa mai kalar koko. Shafa'atu malamar firamare ce, kuma shi marigayin ne ya fara koya mata harkar kirifto, lokacin da ake yi masa dariya ana cewa ya bar fartanya ya koma dangwalar waya. Ita ta gano wani asusu na ’yan kirifto da ke tallafa wa ayyukan amfanin kowa, ta rubuta musu neman rijiyar burtsatse mai aiki da hasken rana.

Asusun ba na gwamnati ba ne, ba kuma na wani Alhaji ba. Mutane ne barkatai a duniya suka zuba kuɗi a tukunya ɗaya, jama'a kuma ke zaɓar aikin da za a ɗebar wa. Duk mai son wani aiki sai ya jefa masa ɗan abin da ya sawwaƙa daga walet ɗinsa, wato jakar kuɗin kirifto ta cikin waya. Ba nauyin hannu ake dubawa ba, yawan hannaye ake dubawa. Talakawa da yawa masu kuɗin ƙosai sun fi attajiri ɗaya jawo kaso daga tukunyar, shi ya sa mutanen garin suka raɗa wa abin suna Gayyar Waya. Sharaɗinsa ɗaya ne: mutum ɗaya, walet ɗaya, kuma mutumin ya zamana akwai shi.

Unguwar Maiwada ta yi gayya, har aikinta ya hau sama. Ana cikin murna sai saƙo ya zo cewa an ga walet da yawa sun fito daga waya ɗaya, don haka kowa ya nuna fuskarsa ga kyamara. An yi ta layi a shagon Maitama, tunda shi ya buɗe wa marasa babbar waya nasu. Amma har yau wasu sun ƙi nunawa, kuma Shafa'atu ba ta san su ba, don a shafin asusun dogayen lambobi kawai take gani, ba sunaye ba.

“Kawu, ka yi mani magana yadda zan gane.”

“Yo me kike so in ce? Matan garin nan suka dinga zuwa. Wannan ta kwance bakin zane ta ce ga nata, ga kuma na mai gidanta marigayi. Waccan ta ce ga na ɗanta da ƙyanda ta ɗauke. Gwaggo Sadiya ita kaɗai mutum nawa ta kawo? Har da uwarta.”

“Sai ka buɗe masu walet?”

“Na buɗe.”

“Da sunan matattu?”

“To da sunan wa zan buɗe? Ladan nasu ne. Ruwa fa za a haƙa, Shafa, sadaka mai gudana. Ko a masallacin Juma'a in ana tara kuɗin rufi, ba ki jin ana cewa wane ya bayar, Allah Ya kai ladan kabarin ubansa?”

“A masallaci ba a ƙirga kawuna, Kawu! Nan kawuna ake ƙirgawa!”

“To su ba kawuna ba ne?”

Wallahi ni kaina da nake rubutun nan na so in ji haushin Maitama, abin ya ƙi. Mutumin bai ci ko sisi ba, har kuɗin cajinsa ya yafe. Shi a ganinsa aikin lada ya yi, ga shi ya jawo musu abin da zai hana gari shan ruwa. Rashin sani ya fi dare duhu.

Shafa'atu ta zame ta zauna a kan bencin shagon.

“Ka san sunan da za su kira mu? Ɓarayi. Za su ce mun ƙirƙiri mutanen boge don mu kwashe tukunya.”

“Boge? Mati ne boge? Mutumin da na ɗauki makararsa da kafaɗar nan?”

Kafin ta ba shi amsa ɗan acaɓa ya ja birki a ƙofar shagon. Wata doguwar mace ta sauko, jaka a rataye, ƙafafunta sun yi ja da ƙasar hanya. Titilayo ke nan, Bayarabiya haifaffiyar Funtua, mamarta na sayar da robobi a babbar kasuwa. Hausar bakinta sai ta sayar da wasunmu ta karɓi canji. Ita ’yan asusun suka zaɓa ta riƙa duba ayyukan wannan yanki, kuma ita kaɗai ke ganin sunayen da ke bayan lambobin. Sun daɗe suna magana da Shafa'atu a waya, amma yau ne ido ya ga ido.

Aka gaisa, aka ba ta ruwan leda, don na randa ba ya baƙuntuwa. Ta sha rabi ta ajiye.

“Malama Shafa'atu, ba zan ɓoye maki ba. A zauren asusun an fara kiran aikinku da sunan da ba zan maimaita ba. Wani daga wata ƙasa har ya rubuta cewa dama halin ’yan Najeriya ne. Na ji zafi, amma da me zan kare ku? An ce a nuna fuska, shiru. Jibi za su kaɗa ƙuri'a a kan ko a kore ku.”

Shafa'atu ta dubi kawunta.

“Faɗa mata abin da ka faɗa mani.”

Maitama ya gyara hula ya maimaita, wannan karon muryarsa ƙasa-ƙasa. Titilayo ta saurara har ya gama. Ta murza ledar ruwan a hannu.

“Mamata ma duk shekara sai ta dafa shinkafa ta kai coci da sunan babana,” ta ce. “Na gane, Baba. Wallahi na gane. Amma na'ura ba ta san sadaka ba, su kuma masu ƙuri'ar ba su taɓa jin irin wannan ba.”

“Ba wata hanya?” in ji Shafa'atu.

“Akwai guda ɗaya, kuma ba ta da daɗi. A tara mutane yau ɗin nan. Zan kunna kyamara kai tsaye, ’yan asusun suna kallo, ba yankewa, ba gyara. Zan kira sunan duk wanda ya bayar daga garin nan. Ke ce shugabar aiki, ke za ki maimaita sunan, ki ce yana raye ko ya rasu. In ya rasu, wanda ya bayar dominsa ya fito ya ce shi ne, ya faɗi dalili. A cire matattu, a bar rayayyu. Ni zan fassara masu. In suka ga gaskiya tsirara, ina sa ran za su yafe.”

“Na yarda.”

“Tsaya tukuna, ki ji ni da kyau. In aka sami suna ɗaya tak da maganarki ta saɓa da abin da ke cikin na'ura, an gama. Ba rijiya, kuma sunan garin nan ba zai ƙara shiga asusun ba. Ni ma ba za su ƙara yarda da ni ba.”

“Wa na sani kamar mutanen garina? Wanda ke raye na san shi, wanda ya mutu na je gaisuwarsa.”

“To a ina za a haƙa burtsatsen? A can za mu yi, su ga wurin da idonsu.”

Shafa'atu da Maitama suka dubi juna. A gefen tsohuwar rijiyar ne.

*

Ana idar da la'asar mutane suka fara taruwa. Duk faɗin filin, ba wanda ya matsa kusa da rijiyar. An cike ta da ƙasa, an zagaye da duwatsu, an ɗora ƙaya a kai yadda ake yi wa kowane kabari. Gungumen bakin rijiyar kawai ya rage a gefe, da zanen da igiyar guga ta ci a jikinsa shekara da shekaru.

Ranar da abin ya faru, Awaisu ya fito da sassafe zai yashe ta shi kaɗai, don ruwan ya ja baya. Matan da suka fara zuwa ɗiba suka tarar bakin ya rufta ciki, ga rigarsa a ninke a kan gungumen, ga takalmansa. An yi ta haƙa, ana kwashewa ƙasa tana komawa, har ta kusa haɗiye mutum na biyu. Daga ƙarshe liman ya ce a haƙura, a cike, a yi masa salla a nan. Shafa'atu ta yi takabarta ta fita. Wannan labarin ne ta rubuta wa ’yan asusun, kuma shi ya sa mutanen da ba su san inda Katsina take ba suka yi ta jefa wa aikin kuɗi.

Tun daga lokacin yara ba sa wasa a wurin. Wasu matan suna rantsuwa cewa in rana ta take, in ka bi ta gefen, za ka ji kamar guga ya faɗa ruwa a can ƙasa. Ni dai ban ji ba, kuma ban je na saurara ba.

Titilayo ta kafa ƙaramar wayarta a kan ’yar sanda mai ƙafa uku, ta riƙe babbar a hannu. Ta yi wa mutane bayani. Tana rufe baki wata tsohuwa ta dogara sanda ta miƙe. Gwaggo Sadiya ce, matar marigayi Mati, wadda ko mai gari yana shakkar bakinta.

“Ke ’yar Yarabawa, me na ji kin ce? A cire wa?”

“Iya, waɗanda suka rasu.”

“A cire Mati? Kin san wanda ya haƙa rijiyar nan da kike tsaye a gefenta? Da hannunsa ya haƙa ta, ni nake kai mashi fura yana ƙasa. Garin nan kaf ruwansa suka sha suka girma, har wannan mai shagon da ke sunkuyar da kai. Yau za a yi sabuwa, a ce Mati ba shi da hannu a ciki? Don ya mutu ya zama bare?”

Wuri ya ɗauki gunaguni. Shafa'atu ta ga abin zai watse tun ba a fara ba. Sai Titilayo ta miƙa wa Maitama babbar wayar, ta je gaban tsohuwar ta zube gwiwa biyu a ƙasa irin gaisuwar gidansu.

“Iya, ladan Baba Mati ba a wayata yake ba. Ni sunansa kawai zan cire daga wurin mutanen da ke neman fuska. Wanda ke rubuta lada ba Ya neman fuska, Ya riga Ya rubuta tun ranar da kika kwance bakin zanenki. In kika bari aka cire, a sami ruwan, duk wanda ya sha, ya sha da niyyarki.”

Gwaggo Sadiya ta daɗe tana kallonta.

“Wa ya haife ki?”

“Mai robobi ta kasuwar Funtua.”

“Ta iya haihuwa. Tashi, kar ki ɓata zanenki.”

Aka kunna kyamara. Shafa'atu ta tsaya a gabanta, kabarin yana bayanta. A ƙasan allon wayar rubutu ya fara gudu, alamar mutanen asusun sun shigo suna kallo.

“Maitama Abdulrahman,” in ji Titilayo.

“Maitama Abdulrahman. Yana raye.”

“Ga ni nan ma,” in ji shi, yana ɗaga hannu. Aka ɗan yi dariya, ita ce kuma ta ƙarshe a wurin.

“Mati Maiwada.”

“Mati Maiwada. Ya rasu.”

“Ni na bayar dominsa,” in ji Gwaggo Sadiya. “Mijina ne. Ruwa yake so.”

“Allah Ya jiƙansa,” wani ya faɗa daga baya.

“Amin,” in ji taron.

“Zainulabidin Jibril.”

Ƙanen Shafa'atu ne, bai kai shekarun shiga makaranta ba ya tafi. Ba ta san mahaifiyarsu ta zo shagon a ɓoye ba.

“Zainulabidin Jibril. Ya rasu.”

“Nawa ne,” wata murya ta ce daga cikin mata. “Da gudawa ya tafi. Kar na wata ya tafi da ita.”

Haka aka ci gaba. A kira mai rai ya ɗaga hannu, a kira mamaci wata ta fito ta ce nata ne. Sunayen da aka yi shekaru ba a ambata a garin ba, yau ga su ana kiran su da ƙarfi a fili, ɗaya bayan ɗaya, kowanne kuma sai an amsa masa. Iska ta tashi tana kaɗa busasshen karan dawa a gonar da ke gefe. Mutane suka riƙa matsawa suna haɗa kafaɗa ba tare da sun sani ba, suna barin sarari a tsakaninsu da kabarin. Shafa'atu ji take kamar taron ya fi yadda ido ke gani yawa.

Titilayo tana fassarawa da Turanci, idonta ya kaɗa ya yi ja. Ta saci kallon rubutun da ke gudu a allo, ta matso kusa da Shafa'atu.

“Suna saukowa,” ta raɗa mata. “Wanda ya zage mu ma ya ba da haƙuri. Saura kaɗan, ki daure.”

Shafa'atu ta sauke ajiyar zuciya. A karon farko tun safe ta ji ƙamshin ruwan nan a hancinta.

Titilayo ta mayar da ido kan babbar wayar.

“Awaisu Talha.”

Filin ya yi tsit.

Ku da kuka san mu, kun san mace ba ta kama sunan mijinta. Shafa'atu tun ranar da aka kai ta ɗakinsa Malam take ce masa. Ko a takardar da ta rubuta wa asusun “mai gidana” ta sa daga farko har ƙarshe, ita kuma sunan mahaifinta take amfani da shi. Don haka Titilayo, baiwar Allah, ba ta san abin da ta kira ba.

“Malama? Awaisu Talha.”

Shafa'atu ta gane abin da ya faru, ko kuma ta ɗauka ta gane: surukarta ce ta je shagon a ɓoye kamar sauran mata. Tausayin tsohuwar ya kama ta.

“Ya rasu,” ta ce.

“Sai kin maimaita sunan. Haka ƙa'idar take.”

Wata daga cikin matan ta ce, “Haba dai!” Wata ta ja mayafi ta rufe fuska. Shafa'atu ta dubi jarkokin da aka jingine a gindin dalbejiya, waɗanda masu su za su wuce da su fadama in an tashi. Ta runtse ido.

“Awaisu Talha. Ya rasu.”

Sunan ya fita daga bakinta da ɗaci, hawaye suka biyo shi.

“Wa ya bayar dominsa?”

Ba wanda ya motsa.

“Wanda ya bayar dominsa ya fito, don Allah.”

Idanu suka juya wuri ɗaya. Inna Nana Khadija, mahaifiyar Awaisu, tana zaune a kan tabarma can nesa da kowa, ta ba kabarin baya kamar yadda take yi kullum. Carbi ne a hannunta.

“Me kuke kallona?”

Shafa'atu ta je ta durƙusa a gabanta.

“Inna, ba laifi ba ne. Kowa ya faɗi nasa. Ki ce ke ce, a wuce wurin.”

“In ce ni ce me?”

“Kika bayar dominsa.”

“Sadakar mamaci, mamaci ake yi wa ita.” Tsohuwar ta ɗago, idonta a bushe. Ɗan fari ne, ita ma ba ta kama sunansa. “Ni ban ga gawar yaron nan ba. Riga na gani da takalmi. Sadakar uku ku kuka dafa, ta bakwai ku kuka dafa, ko ɗanɗanawa ban yi ba, kun sani. Yau kuma zan ɗauki kuɗina in je in ce ya mutu?”

Shafa'atu ta juya.

“Kawu?”

Maitama ya ɗaga hannu biyu sama.

“Wallahi tallahi ban buɗe da sunansa ba. Na so in yi mashi daga aljihuna, na tuna halin Yaya Nana, na fasa. Kowane suna da na buɗe ina sane da shi. Wannan ba aikina ba ne.”

Titilayo ta sunkuya kan babbar wayar tana dannawa. Shafa'atu tana kallon fuskarta, ta ga yadda take sauyawa.

“Gaskiyar Baba ce. Wannan walet ɗin ba daga wayarsa ta fito ba. Tsohuwa ce, ta fi shekara biyar. An daɗe ba a taɓa ta ba, sai kwanan nan.”

“Tasa ce,” in ji Shafa'atu, muryarta kamar ba tata ba. “Ta Malam ce.”

“To wa ke riƙe da wayarsa?”

“Tana aljihun wandonsa ranar.”

“Kalmomin sirrin buɗe walet ɗin fa? Ya rubuta a wani wuri? Ya faɗa wa wani?”

“Ko ni bai faɗa mani ba. Cewa yake a kansa suke, nan ne ɓarawo ba ya shiga.”

Titilayo ta dubi allon, ta sake dubawa, ta goge shi da gefen mayafinta kamar datti ne ya hau.

“Malama Shafa'atu.”

“Na'am.”

“Wannan sunan ba ya cikin waɗanda suka ƙi nuna fuska.”

“Ban gane ba.”

“Ya nuna. Ranar Talatar da ta wuce. Na'ura ta karɓa.”

Salati ya tashi daga cikin mata. Maitama ya cire hularsa ya riƙe a hannu.

“Ƙarya ne!” Shafa'atu ta miƙe. “Tsohon hotonsa wani ya samu!”

“Ba a karɓar hoto, ke ma kin yi, kin sani. Sai ka juya kai dama, ka juya hagu, ka ƙifta ido, ka karanta lambobin da aka ba ka a lokacin.”

“Nuna mani.”

“Malama, ƙa'ida ba ta…”

“Na ce ki nuna mani!”

Titilayo ta danna. Ta manta ba ta rage sauti ba.

Murya ta fito daga wayar, tana karanta lambobi ɗaya bayan ɗaya, a hankali, da ’yar in'inar nan da duk garin suka sani. Matan da ke kusa da duwatsun suka zabura suka watse, wata ta faɗi ta tashi ba ta tsaya ɗaukar takalminta ba. Gwaggo Sadiya ta saki sandarta. Kowa ya ji muryar, kuma kowa kabarin ya fara kallo kafin ya kalli wayar.

Shafa'atu ta karɓi wayar da hannu biyu. Shi ne. Ya juya dama, ya juya hagu, ya ƙifta ido. Bayansa bangon ƙasa ne kawai, ba abin da zai nuna inda yake. Akwai tabo a goshinsa wanda ba ta san shi da shi ba, gemunsa kuma ya yi furfura, alhali ranar da ya fita yasar rijiya ko sili ɗaya fari babu a fuskarsa.

Ba ta ji tasowar Inna ba, sai numfashinta ta ji a kafaɗarta. Tsohuwar ta leƙa allon ta daɗe. Ba ta yi kuka ba, ba ta yi salati ba.

“Ya rame,” ta ce.

Titilayo ta matso, ta yi ƙasa da murya yadda kyamara ba za ta ɗauka ba.

“Malama, wane ne shi a wurinki?”

Shafa'atu ta ɗaga hannu ta nuna tulin ƙasar da ke bayanta, mai duwatsu da ƙaya.

Titilayo ta dafe ƙirji. Sai yanzu ta gane, kuma ta gane har da abin da Shafa'atu ba ta kai ga ganewa ba tukuna. In aka ce ya rasu, to mamaci ya nuna fuska na'ura ta karɓa, ’yan asusun za su ce an yi musu haɗin baki da fuskar boge. In aka ce yana raye, to rijiya ba ta ci kowa ba, labarin da aka tara kuɗin duniya a kansa ya zama ƙarya. Gaba kura, baya sayaki, kuma ruwan garin ne a tsakiya.

Rubutun da ke ƙasan allon ƙaramar wayar ya koma gudu kamar an kunce shi. Sun ga matan da suka watse, sun ji muryar, suna tambayar me ke faruwa.

“Ki kashe,” Maitama ya roƙa. “Ɗiyata, don girman Allah ki kashe abin nan.”

“In na kashe yanzu, Baba, an gama da ku.” Hawaye ne a idon Titilayo. Ta juya ga Shafa'atu. “Malama, suna kallo. Abin da kika faɗa yanzu shi za a rubuta, ba zan iya canza maki shi ba. Awaisu Talha. Yana raye, ko ya rasu?”

Shafa'atu ta ɗago ta fuskanci kyamarar. Sai ta ji an damƙi tsintsiyar hannunta, riƙo mai ƙarfi da ba ta taɓa zaton tsohuwar tana da shi ba.

“Sau ɗaya kika binne mani shi na yi shiru,” in ji Inna. “Kika ƙara, ban yafe maki ba duniya da lahira.”